Kacici-kacicin Hoto Don Masu Wasan Yaƙi na Kan Tebur: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan maimaituwa a bakin masu sha'awar wasannin yaƙi na kan tebur a Kaduna, musamman waɗanda suka fara haɗa kacici-kacicin hoto domin cike lokaci kafin a shimfiɗa fagen daga, ko domin jawo sababbin 'yan wasa. An fara da tambayoyin mai koyo, sannan aka gangara zuwa na mai haɗa katuna da mai alƙalanci.

Mene ne kacici-kacicin hoto, kuma da me ya bambanta da kacici-kacicin da muka gada?

Wasa ƙwaƙwalwa ne da ake ɓoye kalma ko suna a cikin hotuna, haruffa da lambobi, a bar mai kallo ya kira sunan kowane abu da ya gani, ya harhaɗa sunayen har su ba shi amsa. Turawa suna kiransa rebus. A kacici-kacicin gargajiya kunne ne yake aiki: a ce "ƙulin-ƙulifita", a amsa "gauta", ko kuma a siffanta abu ta hanyar da za ta ɓatar da mai saurare. A na hoto kuwa ba siffanta amsar ake yi ba, gina ta ake yi gaɓa-gaɓa. Idan aka zana dunƙulen baƙin ma'adinin kwal, aka sa alamar tarawa, sannan aka zana kwali, amsar ita ce kwalkwali, ko da yake babu kwalkwali ko ɗaya a kan katin.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Kimanin shekaru 5,000 da suka wuce, Misirawa sun rubuta sunan sarki Narmer a kan allon dutse da hoton tarwaɗa da na ƙarfen sassaƙa, domin sunayen abubuwan biyu a harshensu su ne gaɓoɓin sunan sarkin. Haka nan tambarin masarautun Kastil da Liyon na ƙasar Sifen yana ɗauke da ganuwa da zaki saboda sunayen sun yi daidai da waɗannan abubuwa.

Waɗanne wasanni ake nufi da wasannin yaƙi na kan tebur?

Wasanni ne da mutum biyu ko fiye suke jera 'yan ƙananan mutum-mutumin sojoji da motocin yaƙi a kan tebur, su auna tafiyarsu da tef, su jefa dayis irin na lido domin sanin ko harbi ya samu ko ya kuskure. Asalinsu daga horon soja ne: a 1824 wani hafsan Jamus na daular Furusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar da wasan Kriegsspiel domin koyar da hafsoshi dabarun yaƙi a kan taswira. A gari kamar Kaduna, mai makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA tun 1964, ga kuma barikin Jaji a kusa, koyon yaƙi a kan taswira ko teburin yashi ba baƙon zance ba ne.

Waɗanda ake magana a kansu a nan su ne masu tushe a ƙagaggun labaran kimiyya. Mafi shahara shi ne Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila, wanda ya fara fitowa a 1987, bugunsa na 10 kuma ya fito a 2023. Ana buga shi da dayis mai fuska shida, ana awo da inci, teburin cikakken wasa kuma inci 44 ne a faɗi, 60 a tsawo. Sai BattleTech, wanda kamfanin FASA na Amurka ya fitar a 1984, inda ake fafatawa da manyan injinan yaƙi masu tafiya da ƙafafu a kan taswira mai gidaje masu kusurwa shida. Akwai kuma Infinity na kamfanin Corvus Belli a Sifen, mai dayis mai fuska 20, da Star Wars: Legion da ya fito a 2018. Yawancin misalan da ke ƙasa daga biyun farko aka ɗauko su.

Me ya sa sunayen da ke cikin waɗannan wasanni suka dace da kacici-kacicin hoto?

Domin da yawa daga cikinsu haɗin kalmomi biyu ne masu zanuwa. Space Wolves taurari ne da kyarketai, World Eaters duniya ce da masu cin abinci, Chainsword sarƙa ce da takobi, Hammerhead guduma ce da kai. BattleTech ma ya cika da sunayen dabbobi da ƙwari. Sabon ɗan wasa yana shan wahala wajen riƙe waɗannan sunaye masu yawa, kuma wanda ya taɓa kwance suna daga hoto da kansa ba kasafai yake mance shi ba. Sunayen da aka ƙirƙira daga Latin, irin su Adeptus Mechanicus da Astra Militarum, ba sa ba da haɗin kai, kuma gara a ƙyale su da a tilasta musu hoto.

Da wane harshe ake karanta hoton, Hausa ko Turanci?

Wannan ita ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta, kuma ita ce wadda masu haɗa katuna suka fi sakaci da ita. Sunayen rundunoni da makamai na Turanci ne, amma ɗan wasan da ya taso a Tudun Wada ko Kawo da Hausa yake fara ganin hoto. A ɗauki katin da aka zana dutsen guga da hannaye biyu. Wanda ya karanta shi da Turanci nan take zai ce Iron Hands, domin kalmar da Bature yake kiran dutsen guga da ita ita ce kuma ta ƙarfe. Wanda ya karanta da Hausa zai yi ta juya "guga" da "hannu" har lokaci ya ƙare, kuma ba rashin basira ya kayar da shi ba, mai katin ne bai faɗa masa ƙofar da zai shiga ba.

Saboda haka ƙa'idar ita ce a rubuta harshen a kusurwar kowane kati, H ko T, kafin ma a fara zane. Wasu suna ganin hakan ya sauƙaƙa wasan fiye da kima. Bai sauƙaƙa ba. Ya dai kawar da wahalar da ba ta da amfani, ya bar ta gaske, wato gano wace kalma ce daga cikin sunayen abin aka nufa, da yadda za a haɗa ta da ta kusa da ita. Katin da ya gauraya harsunan biyu, rabin suna da Hausa rabi da Turanci, yana da daɗi idan ya faɗa daidai, amma na ƙwararru ne, kuma a nan ma wajibi ne a sa harafin harshe a ƙarƙashin kowane hoto.

Ko a cikin Turancin ma akwai rarrabuwa. Danƙon harbin tsuntsu sunansa catapult a Najeriya da Ingila, don haka hotonsa ya isa ya ba da Catapult, injin BattleTech mai tan 65, alhali Ba'amurke zai kira danƙon da wani suna dabam. Tayar mota kuma rubutunta na Ingila, wanda shi muke koya a makaranta, yana da harafin y, kuma da shi kaɗai za a iya gina Tyranid, kamar yadda aka bayyana a amsa ta gaba. Mai kwaso katunan da aka haɗa a wata ƙasa ya kula da wannan kafin ya raba wa mutane.

Waɗanne dabaru ake amfani da su wajen ɓoye suna?

Mafi sauƙi shi ne haɗi kai tsaye, hoto ɗaya ga kowace kalma, kamar ƙoƙon kai da mai gadi domin Death Guard. Daga nan sai dabarar sauti, inda hoton yake ba da kalma mai furuci iri ɗaya da wadda ake nema amma ma'anarta dabam. Kyakkyawan misali shi ne Thousand Sons: a zana takardar naira 1,000, a zana rana guda biyu ko uku, domin a Turanci furucin "rana" da na "ɗa" ɗaya ne. Zana takardar za a yi da hannu, kada a yi fotokwafin kuɗi. Haka nan Deep Strike, dokar Warhammer 40,000 da a bugu na 10 take ba runduna damar dirowa fagen daga fiye da inci 9 daga abokan gaba, tana fitowa daga rijiya mai zurfi da ma'aikata riƙe da kwalayen yajin aiki, hoton da babu ɗan Najeriyar da zai kasa ganewa.

Sai ragi da ƙari. Cokali mai yatsu da aka rubuta "−f" a gefensa yana ba da Ork. Tayar mota da "−e", sai haruffan "an", sai katin shaida, suna ba da Tyranid. A lura cewa wannan na biyu a rubuce yake aiki, ba a furuci ba, kuma ya kamata mai kati ya tsaya a kan ɗaya daga cikin biyun a kati guda. Tun da furucin Turanci yana bambanta daga mutum zuwa mutum a teburi ɗaya, katin da ya dogara da rubutu ya fi rage gardama.

Akwai kuma dabarar matsayi, inda wurin da aka ajiye abu, sama ko ƙasa, ciki ko baya, yake zama gaɓar amsa, da dabarar launi, da ta adadi. Kati mai kyau ba ya buƙatar fiye da dabara biyu, kuma idan hotunan suka haura huɗu, alama ce cewa sunan bai dace da zane ba.

Za a iya haɗa katuna da Hausa zalla, tun da sunayen na Turanci ne?

Za a iya, kuma sau da yawa su suka fi armashi, domin ba sunayen kamfani ake ɓoyewa ba, kalmomin da ake faɗa a bakin tebur ake ɓoyewa. Ɓauna a kwance ita ce kwanton ɓauna. Launin ja kusa da bayan mutum shi ne ja da baya, wato abin da runduna take yi idan ta fice daga gumurzu. Mace tana daka a turmi, sai ruwa da "−wa", dakaru ke nan. Haruffan "bin" da hoton diga suna ba da bindiga. Jirgin ruwa da aka zana a saman gajimare jirgin sama ne, tauraro da mutum kuma tauraron ɗan'adam. Tankar ruwa da takubba biyu a gicciye tankar yaƙi ce.

Irin waɗannan katuna su ne suka fi dacewa da baƙo da ƙanne da duk wanda ya zo kallo, domin ba sa bukatar sanin labarin wasan. Wanda ya shirya zama da mutanen da ba su taɓa riƙe dayis ɗin wasan ba, ya fara da su.

Yaya ake yi da haruffa masu lanƙwasa da kuma karin sauti?

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala, ko "gado" na kwanciya da "gado" na dukiya, suke kama ɗaya a takarda. Mai kati yana da damar cin moriyar wannan, kuma "daka" da ke cikin "dakaru" ma a rubuce suka dace, ba a furuci ba. Amma ɓ, ɗ, ƙ da 'y haruffa ne masu zaman kansu. Hoton zaki ba ya ba da zaƙi, hoton baki ba ya ba da baƙi, kuma katin da ya yi wannan kuskure ne, ba wayo ba. Idan lallai ana son a yi amfani da hoton, sai a rubuta musanyar a fili, kamar "k = ƙ".

Na kalli kati na rasa ta inda zan fara. Mece ce hanyar warwarewa?

A fara duba harshe da yawan haruffa, idan an bayar. Sannan a kira sunan kowane hoto da baki, ba a zuci ba, domin kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. Kowane hoto a nema masa suna fiye da ɗaya: tsuntsu baƙi zai iya zama hankaka ko kawai tsuntsu, mutum mai sanda zai iya zama mai gadi ko makiyayi. A tambayi kai dalilin da ya sa abu ya zo biyu maimakon ɗaya, da dalilin da ya sa aka ba shi launi ko aka ɗora shi a sama, domin mai kati nagari ba ya zana abin da ba ya aiki.

Idan gaɓa ɗaya ta fito, sai a juyo ta ɗaya ɓangaren, a bi jerin sunayen wasan da suke ɗauke da ita. Wanda ya gano "guard" ya san Raven Guard da Death Guard suna gabansa, saura ya duba wanne hoton farko ya goyi baya. Amsar da ta bar hoto ɗaya ba tare da aiki ba, ba ita ba ce, komai kusancinta.

Me za a yi idan hoto ɗaya ya ba da amsa biyu?

Laifin na mai kati ne, kuma alƙali ya karɓi duk amsar da ta yi amfani da hotunan gaba ɗaya ta kuma dace da rukunin da aka sanar, wato ko sunan wasa ake nema, ko na runduna, ko na inji. Misalin da ya fi nuna matsalar a wajenmu shi ne fara. A BattleTech akwai Locust, ƙaramin inji mai tan 20, akwai kuma Grasshopper mai tan 70, kuma Bahaushe duk fara yake ce musu. Ko Bature ba zai rarrabe su a zanen alƙalamin maka ba. Maganin shi ne a ja layukan haruffa a ƙasan katin, 6 ko 11, ko a rubuta nauyin injin a gefe. Yaƙi da guduma ma haka suke: Warhammer sunan wasa ne, kuma sunan inji ne mai tan 70 a BattleTech, don haka sai an faɗi rukuni.

Wani lokaci kuma abu ɗaya ne mai suna biyu. Injin nan mai tan 75 da masu shi suke kira Timber Wolf, abokan gabarsu Mad Cat suke ce masa, kuma a cikin labarin wasan sunan ya samo asali ne daga kwamfutar saiti da ta rasa gane shi, ta riƙa tsalle tsakanin MAD na injin Marauder da CAT na injin Catapult. A nan hoton ne yake yanke hukunci: katako da kyarkeci Timber Wolf ne, fusatacciyar kyanwa Mad Cat ce, kuma wanda ya ba da ɗaya sunan ya san wasan amma bai karanta katin ba. Haka ake yi da sunayen da kamfani ya sauya, kamar Imperial Guard da ta koma Astra Militarum a 2014, ko Eldar da ta koma Aeldari.

Hanya mafi inganci ta kauce wa duk wannan ita ce a gwada kowane kati a kan mutum biyu kafin ranar wasa, ɗaya tsohon hannu, ɗaya sabo, ba tare da an ce musu komai ba.

Dole ne sai na mallaki sojojin wasan kafin na shiga?

A'a. Katin kacici-kacici takarda da biro kawai yake buƙata. Sojojin roba na asali akasari sai an yi odarsu daga waje, kuma canjin kuɗi da kuɗin jigila sun sa sun yi wa ɗalibi tsada, amma ana iya koyon wasan da sojojin kwali ko marafan kwalba masu lamba. BattleTech yana da dokokin farawa na kyauta, kamfanin One Page Rules ma suna ba da dokokin wasansu Grimdark Future kyauta. Jerin sunayen rundunoni kaɗai ya isa mutum ya fara warware katuna.

Ya halatta a haɗa kacici-kacicin da emoji a waya?

Ya halatta, kuma ya fi sauri, amma yana da tarko. Kowane kamfanin waya yana zana emoji yadda ya ga dama, don haka abin da mai aikawa ya gani ba lallai shi mai karɓa zai gani ba. A 2016 Apple ya mayar da alamar bindiga ta zama bindigar ruwa ta yara, sauran manyan kamfanoni kuma suka bi sahu daga baya, abin da ya ɓata duk katin da ya dogara da ita. Kyarkeci da kare da yanyawa suna kama da juna a ƙaramin allo, tsohuwar waya kuma takan nuna akwati fanko a wurin sabuwar alama. Mafita ita ce a jera alamomin, a ɗauki hoton allon, a aika hoton. Ragi da ƙari da aka yi bayaninsu a amsar dabaru suna aiki a nan ma.

Wane kayan aiki ake buƙata, kuma yaya ake buga katunan?

Farin kwali, maka baƙa da ja da shuɗiya, almakashi da rula, waɗanda duk ana samunsu a wajen masu sayar da kayan rubutu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Takardar A4 idan aka raba ta huɗu tana ba da katin da ya isa mutum biyu su duba tare. Idan kuwa za a ɗaga wa ɗaki guda, sai a ba kowane kati takarda sukutum. Ba a buƙatar gwanin zane. Zane mai kauri, mara ado, ya fi hoton kyamara, domin hoton kyamara yana zuwa da tarkacen bango da mai kallo zai ɗauka suna cikin lissafi.

Shagunan buga takardu da ke kewayen Kaduna Polytechnic da jami'ar jiha ta KASU za su iya bugawa su kuma yi laminatin, wanda yake kare katin daga ƙurar hunturu da laimar damina. A tuna cewa bugun baƙi da fari yana kashe duk katin da ya dogara da launi: ja da baya zai koma baƙi da baya. Irin waɗannan a shafa musu launin da hannu bayan an buga. Tun da akwai masu wahalar rarrabe ja da kore, kada bambancin waɗannan launuka biyu ya zama shi ne mabuɗin amsa. Amsar kuma kada a rubuta ta a bayan katin, domin haske yana tona ta. A sa wa katin lamba, alƙali ya riƙe jerin amsoshi.

Zan iya amfani da hotuna da tamburan kamfanonin wasan?

Zane-zane da tamburan rundunoni mallakar kamfanonin ne, kuma bai kamata a buga su a kan abin sayarwa ba tare da izini ba. Ban da batun haƙƙin mallaka ma, suna ɓata wasan: wanda ya ga tambarin Space Wolves ya gane tambari ne kawai, bai warware komai ba. Hotunan kacici-kacici na abubuwan yau da kullum ne, guduma da taya da cokali, kuma mai kati ya zana abinsa da kansa.

Akwai sunaye ko hotunan da ya kamata a kauce musu?

Akwai. Labarin Warhammer 40,000 cike yake da abubuwan da aka aro daga addinai: rundunoni masu suna Blood Angels da Dark Angels, gumakan Chaos guda huɗu, da sarkin daular da talakawansa suke bauta wa. Ƙage ne, amma zana mala'ika a kati wani abu ne dabam da karanta suna a littafin dokoki, kuma teburin wasa a Kaduna yakan haɗa Musulmi da Kirista. Sunaye masu zanuwa suna da yawa, don haka babu asarar da za a yi idan aka bar waɗannan. Wanda kuma yake ƙyamar zana abu mai rai yana da wadatar zaɓi: Chainsword, Catapult, Ork ta hanyar cokali, kwalkwali, bindiga da tankar yaƙi duk babu mai rai a cikinsu. Hukuncin addini a kan zane ko dayis na malamai ne, kowa ya tambayi nasa.

Abu na biyu shi ne halin tsaro. A jihar da mutane da yawa suka rasa 'yan'uwa a hare-hare, ba a sa sunan ƙauye na gaske, ko hoton hari na gaske, ko kakin wata rundunar tsaro a katin wasa. Haka nan kada a yi amfani da ƙabila a matsayin gaɓa: mai son zana White Scars ya zana tabon rauni a dantse da farin fenti, ba tsagar fuskar wata al'umma ba.

Yaya ake shirya gasa da raba maki?

Katuna 10 zuwa 15 sun isa zama ɗaya, a fara da na Hausa da na haɗi kai tsaye, a ƙare da masu ragi da sauti. A haɗa mutane bibbiyu, tsohon ɗan wasa da sabo, domin ɗaya ya san sunaye, ɗaya kuma sau da yawa ya fi ganin hoton yadda yake ba tare da zato ba. Minti ɗaya ko biyu ya isa kowane kati. Wanda ya amsa ba taimako ya sami maki 3, bayan an faɗi rukuni maki 2, bayan an ba da harafin farko maki 1. A rubuta amsa a takarda maimakon a yi ta ihu, in ba haka ba mai ƙarfin murya ne zai lashe. Mai haɗa katuna ba ya shiga gasa, kuma idan gardama ta tashi, ƙa'idar da ke amsar hoto mai amsa biyu ita za a bi.

Idan kowa ya gaza, babu abin da ya kai al'adarmu ta ba da gari dacewa, sai dai a nan duniyoyin wasan ake bayarwa. Mai kati ya ce a ba shi gari, a ce an ba shi Fenris, mazaunin Space Wolves, ko Macragge ta Ultramarines, ko Terra kanta, wato duniyarmu a labarin, sannan ya faɗi amsa. Yana kuma da ikon ƙin garin da bai yi masa ba, kuma duk wanda ya san labarin zai ƙi Cadia, tun da an ragargaza ta.

Za a iya shigar da kacici-kacicin cikin wasan yaƙin kansa?

A wasan sada zumunci za a iya, da sharaɗin ladan ya zama ƙarami. Cikakken wasan Warhammer 40,000, wanda darajar sojojin kowane ɓangare take kai maki 2,000, zagaye biyar ne, kuma yakan ci awa uku, don haka duk abin da zai ƙara tsayar da shi sai an auna shi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a kife kati ɗaya a ƙarƙashin kowace alamar wurin da ake takarar riƙewa, rundunar da ta fara kama wurin ta buɗe shi, mai ita kuma ya yi tunaninsa yayin da abokin karawarsa yake motsa nasa sojojin. Idan ya warware kafin zagayensa ya dawo, ya sami damar sake jefa dayis ɗaya sau ɗaya. Ba a ba da maki na nasara a kan kati, kuma ba a maye gurbin jefa dayis na wanda zai fara wasa da shi, domin hakan zai fifita wanda ya fi jin Turanci a kan wanda ya fi iya jan runduna.

A gasa ta sosai kuwa, inda ake bin dokokin kamfani, ba a shigar da shi ko kaɗan. Wurinsa lokacin hutu ne tsakanin karawa da karawa. Katunan da za a kife a kan tebur kuma su fito daga hannun mutum na uku da ba ya cikin karawar, a kuma tabbatar duk harshe ɗaya ne kuma wahalarsu ta yi kusa da juna.